Gwanin Birki da Tsohon Fad

Duk direban da ya taɓa gangaro Hawan Kibo da mota maƙare da kaya, daga Jos zuwa Akwanga, ya san warin birkin da ya ɗauki zafi. Aikin birki ke nan, mayar da gudu zafi. Fad guda biyu su matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta cinye gudun. Idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye kafin mota ta tsaya ya ninka huɗu. Mafi yawan wahalar kuwa a kan tayoyin gaba take, domin da an taka birki nauyin mota gaba yake zubowa, shi ya sa fad ɗin gaba ke riga na baya ƙarewa.

Cire tsohon fad a sa sabo, yaron gareji ma zai iya. Gwani ana gane shi ne tun kafin ya buɗe kwalin sabon. Sai ya ɗauki tsohon ya jujjuya shi a hannu, yadda mai gyaran takalmi ke gane tafiyar mutum daga inda dunduniya ta zaizaye. Idan ɗaya ya cinye ƙarƙaf ɗan'uwansa kuwa da sauran nama, ya san ƙarfen da ke rungume da faifan ba ya zamewa a kan fil ɗinsa, tsatsa ko busasshen giris ya riƙe shi. Idan ya ci a karkace, gefe guda kauri gefe guda siriri, to fad ɗin ya maƙale a mazauninsa ko fil ɗaya ya cije. Idan fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli, zafi ne ya gasa ta, nan kuma maganar ta koma kan mai motar: "Alhaji, a gangara ka riƙa sa ƙaramar giya, injin ya taya birkin riƙo." Wanda bai yi wannan karatu ba, sabon fad zai ɗora a kan tsohuwar cuta, kuma motar za ta dawo.

Naman sabon fad yakan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko wajen 3 lokacin canji ya yi. Da yawa suna da ɗan harshen ƙarfe da ke fara ƙara tsiii idan an zo nan. Mai kunnen ƙashi ya ci gaba da tafiya har ƙarfe ya hau ƙarfe, kuɗin fad ya zama kuɗin fad da faifai.

Shi faifan ma yana da iyaka, kuma a jikinsa masu ƙera shi suka buga ta, mafi ƙarancin kaurin da zai iya aiki da shi. Gwani yakan fara shafa bakin faifan da farce ya ji tudun da cin ya bari, sannan ya ɗauko ma'auni. Ba ya kai faifai a share masa fuska a inji sai ya tabbata bayan sharar zai tsaya sama da wannan lamba, domin siririn faifai ba ya ɗaukar zafi. Ko na Beljiyam zai sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, sai ya auna kafin ya biya. Abin da ya fi burge ni shi ne mintunan da yake ɓatawa yana kankare tsatsar mazaunin faifan da buroshin waya, aikin da babu mai gani balle ya biya. Ɗan datti kaɗan a wurin ya isa ya sa faifai ya zauna a karkace, bayan 'yan watanni sitiyari ya fara rawa idan an taka birki, a ce ai faifan ne jabu. Notocin taya ma ba ya bin su a jere, yana tsallakawa ne daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa.

Sauran ƙa'idojin a hannunsa suke. Ba ya barin ƙarfen birki yana lilo a jikin tiyo, sai ya rataye shi da waya. Ba ya canza dama ya bar hagu. Giris na musamman yake sa wa fil, don na gama-gari yana kumbura roba, kuma ko ɗigo ba ya taɓa fuskar fad. Fistin ɗin da ke tura fad a birkin baya na motocin Golf da yawa murɗa shi ake yi ya koma ciki, saboda haɗinsa da birkin hannu. Mai ƙarfin tuwo da ya danna shi da ƙarfe ya lalata shi.

Sai man birki, wanda yawancinmu ba mu tuna shi sai ya ragu. Yana shan danshin iska. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa zai iya tafasa a 155, idan kuwa ya tafasa a tsakiyar gangara, ƙafa za ta nutse har ƙasa mota na ci gaba da tafiya. Don haka kamfanoni da yawa ke cewa a juye shi duk shekara biyu. Nan ne za ka ji maigida a tsugune gefen taya yana kiran yaronsa da ke kan kujerar direba: "Taka! Taka! Riƙe!" Ya sassauta ɗan notin fitar da iska, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce, "Saki." Haka za su yi ta yi har kumfar ta ƙare.

Ko an gama ɗaure komai, gwani ba ya yarda mota ta motsa sai ya tattaka birkin a tsaye har ya yi tauri, domin fistin ɗin da aka mayar ciki bai riga ya iso fad ba, takun farko wayam yake. Daga nan ya fita da ita titi, ya ɗan sa gudu ya rage, ya sake, sau da yawa ba tare da ya tsaya cak ba, don fad da faifai su kama juna. Da zai miƙa makulli yakan ce, "A 'yan kwanakin nan a bi shi a hankali, ban da birkin gaggawa sai dole."