Alƙalamin Zaynab Alkali

Zaynab Alkali, wadda aka haifa a Borno a 1950, tana cikin matan Arewacin Najeriya na farko da suka wallafa ƙagaggen labari da Turanci. Ta shafe shekaru tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri. Littafinta The Stillborn ya fito a 1984, ya lashe kyautar Ƙungiyar Marubutan Najeriya a 1985. Tauraruwarsa, Li, yarinya ce mai satar jiki da dare zuwa dandalin rawa duk da tsananin mahaifinta. Da miji ya yi watsi da ita, sai ta koma karatu, har ta zama ginshiƙin gidansu. Gwanintar marubuciyar ita ce nuna ƙuncin mata da juriyarsu cikin sassauƙan harshe, ba tare da dogon wa'azi ba. The Virtuous Woman ya biyo baya a 1987.