Amshi a Waƙoƙin Zumuntar Mata: Tauhidin da Ake Rainawa

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin wasu matasan ikkilisiya a Abuja, musamman masu riƙe da jita da fiyano: wai waƙoƙin Zumuntar Mata maimaici ne kawai, a kama baiti guda a yi ta juya shi, babu zurfin tauhidi. Wannan hukuncin wanda ya jiyo kiɗan tulu daga bakin ƙofa ne, bai shiga ya zauna ba.

'Yan mishan na SIM sun sauka Legas a 1893, daga baya suka kafa tasha a Karu cikin Gbagyi, tun ba a yi mafarkin Abuja ba. An kammala Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa, aka kafa ikkilisiyar ECWA a 1954. Littafin Waƙoƙi ya zo da fassarar waƙoƙin Turai, muryarsu da awonsu duk na can. Mata suka karɓa, suna rera shi har gobe, amma a gefe suka ƙago nasu da tulu da kacau-kacau da tafi. Da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a 1991, waƙoƙin suka biyo matan Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa zuwa Nyanya da Kubwa da Mpape, Hausa ce ta haɗa su.

Ƙashin bayan waƙoƙin shi ne rabon aiki tsakanin mai bayarwa da masu amshi. Bakin mai bayarwa ba ya tsayawa wuri guda. Yanzu ta ambaci wadda ta sauka lafiya, an jima wanda aka sallamo daga asibiti, sai maigidan da ya dawo daga hanyar Kaduna babu abin da ya taɓa shi, sai doya da ta yi kyau a gona. Labarin mako ne take jerowa, kuma kowa a wurin ya san gidan da ake nufi. Amshi kuwa ba ya motsi. Abu guda yake faɗi: rai na Allah ne, Shi ya bayar, Shi yake riƙe da shi. Abin da ke canzawa an danƙa wa murya ɗaya, abin da ba ya canzawa an danƙa wa jama'a duka. Farawa 2:7 ya nuna numfashin mutum daga Mahalicci ya fito, Bulus kuma ya gaya wa mutanen Atina haka a Ayyukan Manzanni 17. Mai wa'azi zai bayyana wannan da hujjoji, matan kuwa sun gina shi a cikin tsarin waƙar kanta, ta yadda ba za ka iya rerawa ba sai ka ɗora kowane labari a kan tushe guda.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne gidan makoki. Amshin da aka yi ranar suna, shi ake yi ranar jana'iza, sai dai mai bayarwa ta sauya labari, kiɗa ya lafa. Uwar da ta amsa shi da guɗa bara za ta amsa shi da hawaye bana, ba a rage masa ko kalma ba. Wanda ya kira wannan rashin zurfi bai taɓa zaman makoki ba.

Masu cewa a gyara waƙoƙin a ƙara musu baitoci su zama kamar na ƙungiyar mawaƙa, su ma sun ɓata hanya. In aka tsawaita amshi, tsohuwar da ba ta karatu ta fita daga ciki, ita ce kuwa aka yi waƙar dominta.

A ganina, yawancin Kiristocin Arewa a bayan iyayensu mata suka fara koyon cewa rai kyauta ce, suna goye ana amshi, tun kafin su san makarantar Lahadi. Amma yawancin waƙoƙin nan a ka suke, masu ƙago su kuma suna tsufa. Ya kamata shugabannin ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da Katolika a Abuja su sa a naɗe su, a rubuta, tare da sunayen matan da suka yi su.