Shaihu Umar Ya Tsira, Sauran Fa?

A cikin shekara ta 2018 aka nuna fim ɗin Shaihu Umar a babban bikin finafinai na birnin Balin, a ƙasar Jamus, bayan an daɗe ana zaton ya ɓace. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976, daga littafin nan na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda aka buga a 1934, Umaru Ladan kuwa shi ya fito a matsayin Shaihun. A 2016 aka sami gwangwanayensa jibge a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Ikko. Wani mai nazarin fim, Didi Cheeka, yana cikin waɗanda suka tono shi, sa'an nan wata cibiya ta Balin mai suna Arsenal ta gyara shi da taimakon kuɗin Jamus.

Fim ɗin ya cancanci wannan wahala. Ya fi awa biyu, kuma ba ya gaggawa, kamar yadda malamin da ke ba almajiransa labarin asalinsa ba shi da dalilin yin gaggawa. Mai kallo yana bin yaron tun daga Kagara, inda aka yi wa mijin uwarsa Makau sharri aka kore shi, har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim aka ƙetare hamada da shi. Aibinsa ɗaya ne, daga littafin kuwa ya gado shi: Umar ba ya aikata kome, abubuwa ne kawai ke faɗa masa. Nauyin labarin duka yana wuyan uwarsa, wadda ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai da ajali ya kusa. Duk wanda ya ga wannan kashi ba zai ce an ɓata kuɗin gyara ba.

Amma fa kyaunsa kaɗai bai isa ya cece shi ba. An yi shi a zamanin da kuɗin man fetur ke kwarara, da kuɗin gwamnati, a kan zaren fim irin na silima, wanda ke iya jure shekara arba'in ko da an wulakanta shi. Da aka tashi gyara shi kuma, daga waje kuɗin suka zo. Finafinan da Hausawa suka fi kallo a cikin ɗakunansu ba su sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, dalilin kuwa yana cikin yadda aka haife su.

A 1985 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta yi ta zubewa, har dala ta haura naira 20 a 1993. Zaren fim daga waje a ke sayo shi, sau da yawa kuma a waje a ke wanke shi, sabo da haka ya fi ƙarfin mai shirya wasa. An ɗan taɓa kaɗan, kamar Ƙasarmu Ce na Sadiƙ Ɓalewa a 1991, daga nan hanyar ta toshe. Sai kaset ɗin bidiyo ya shigo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda a ke lissafa shi na farko a finafinan bidiyo na Hausa. Watau dai kaset ɗan talauci ne, rashin kuɗi ne ya haife shi, kuma halin gidansu ya ɗauko.

Ga yadda cinikin ya ke tafiya a wancan zamani a Bata da Ƙofar Wambai. Mai fim ya kan buga kwali, watau rigar takarda mai hotunan 'yan wasa wadda a ke sa kaset a ciki, ya kai wa ɗan kasuwa tare da uwar kaset. Ɗan kasuwa ya sayi kaset wanda ba kome a kansa, ya jera injuna ya yi ta kwafa, ya sa a kwali ya sayar. Abin da mai fim ya ke samu kuɗin kwali ne. Idan fim ya yi kwantai, ɗan kasuwa ba ya asarar kaset ɗinsa, sai ya ɗora sabon fim a kan tsohon. Dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin jari, ba wanda zai zarge su. Sai dai kasuwar da aka gina a kan shafe na jiya don a sayar da na yau ba ta da wurin tsohon kaya. Da faifan CD ya zo, masu fim da yawa suka riƙa sayar wa 'yan kasuwa ikon buga shi ɗungum, don su sami na shirya wani. Yau in mutum ya so ya sake fitar da fim na wancan zamani, tambayar farko ita ce wa ke da shi, ta biyu kuma ina uwar ta ke.

A ɗauki Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a bakin shekara ta 2000. Labarinsa ba sabo ba ne: Zubaina, yarinyar da ke aikatau a gidan sarauta ana gallaza mata, ɗan sarki ya gan ta ya so ta. Fati Muhammad da Ali Nuhu suka fito a ciki. In aka auna shi da Shaihu Umar ta wajen hoto da tsari, bai kama ƙafarsa ba. Amma shi ne ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa da rawa, da kiɗan fiyano mai kwaikwayon kayan kiɗan gargajiya, su ke sayar da kaset, finafinai masu ɗimbin yawa kuwa suka bi sawunsa. Wanda bai ga Sangaya ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba, har da faɗan da malamai da hukumar tace finafinai ta Kano suka yi ta yi da 'yan fim. Ga tarihin wasan Hausa, rasa shi ya fi rasa Shaihu Umar ciwo, domin Shaihu Umar yana da littafi a bayansa, Sangaya kuwa ba shi da kowa sai kaset.

To, su wa suka ajiye waɗannan kaset? Galibi matan aure ne a cikin gidaje, waɗanda kan jera su a kabad kusa da kwanonin jere, da masu shagon haya a unguwa, da Hausawan zango a Gana da Kamaru da mazauna Makka, waɗanda fatake da alhazai ke kai musu. Ba su kira kansu masu tara kayan tarihi ba, amma aikin da suka yi ke nan. Irin wannan ajiya tana bukatar abu uku: rarar kuɗi bayan cefane, wutar lantarki, da injin da ke aiki. A 2016 tattalin arzikin Nijeriya ya karye, a cikin watan Yuni dala ta tashi daga naira 197 zuwa wajen 280 a farashin gwamnati, faifan da a ke shigowa da shi ya yi tsada, mai saye kuma aljihunsa ya bushe. A shekarar nan dai kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera injin kaset ɗin bidiyo, ya daina. Mutane suka koma wurin masu tura fim a waya, inda a kan ba da 'yan kuɗi kaɗan a cika wa mutum waya. In ta cika, sai a goge a sa wani. Masu shirya fim su ma suka bar kasuwar faifai suka koma wasanni masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka fara a 2020. Da naira ta sake faɗuwa a 2023, har dala ta wuce naira 1,500 a 2024, ba sauran kasuwar faifai da za ta ji zafin.

Ɗalibin da ya tashi a Amurka zai ga kamar ya san wannan labari, amma da bambanci. Can ma cinikin faifan DVD ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 2000, ya soma gangara, karayar arziki ta 2008 ta ƙara tura shi. Sai dai tsofaffin finafinai sun sami mafaka. A 2009 kamfanin Warner ya ɓullo da tsarin da ba a buga faifan tsohon fim sai wani ya biya, kamfanin Criterion kuma, wanda ke wannan sana'a tun 1984, ya ci gaba da gyara su yana sayar wa 'yan tsirarun masu sha'awa da tsada. Wannan ma ba abin yabo ne ƙwarai ba, gama tsohon fim ya zama kayan masu hali. Amma akwai uwa a ajiye cikin ɗaki mai sanyi, akwai takardar da ta nuna mai shi, akwai kuma mutum dubu kaɗan da za su iya fid da kuɗi. A Kano kuwa duka ukun babu.

Abin da ya rage shi ne abin da masu son abin suka kwafa daga tsofaffin kaset suka ɗora a YouTube. Sun kyauta, ba don su ba da ba a ga kome ba. Amma hoton ya dushe, fuskoki sun yi ja, sau da yawa an yanke farkon fim inda sunayen ma'aikata su ke, wani lokaci kashi na ɗaya yana nan na biyu babu. Muryar ma ta kan shaƙe, har mai koyon Hausa ya kasa bambanta karin Kano da na Sakkwato, alhali kuwa a cikin waɗannan finafinai ne za a ji yadda samari da 'yammata da dattawa su ke magana a shekarun 1990, da irin gaisuwarsu da habaicinsu, abin da ba littafin nahawun da ya rubuta. Kaset kuwa ba ya jira. Zafin bazara ya kan sa zarensa ya manne, damina ta sa masa fumfuna, kuma waɗanda aka buga a zamanin Turmin Danya sun riga sun ba shekara talatin baya.