Zobban Tagulla na Rumawa: Almara ko Addu'a?

Duk wanda ya saba duba littattafan da gidajen tarihi na Turai ke fitarwa zai lura da wani bayani da ake yawan yi wa zobban tagulla na zamanin Rumawa, wato cewa an sassaƙa musu "hotunan almara". Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa bayanin nan ya gaza, kuma gazawarsa ta sa ana yi wa zobban fahimtar da ba ta dace da su ba.

A ƙasar Rum ƙarfen zobe yana bayyana matsayin mai shi. Pliny Babba, wanda ya rasu a shekarar 79 Miladiyya, ya faɗa a littafi na 33 na kundinsa na ilimin halittu cewa Rumawan farko zoben baƙin ƙarfe suke sawa, na zinariya kuwa alamar masu muƙami ne. Sai a zamanin Sarki Septimius Severus, wanda ya hau mulki a 193, aka yarje wa sojoji su sa na zinariya. Tagulla ta kasance rabon ɗan kasuwa da mai sana'a. Da Friedrich Henkel ya tattara zobban Rumawa na yankin kogin Rayin a 1913, sai ya kasa su bisa ƙarfen da aka ƙera su da shi. Tsarin yana da amfani, amma ya saba wa mai nazari da ɗaukar zoben tagulla a matsayin ƙanen na zinariya, wanda maƙeri ya kwaikwaya da gaggawa.

To, me aka sassaƙa a kansu? Almara labari ce, tana da farko da tsakiya da ƙarshe. Fuskar zoben kuwa da ƙyar ta fi farcen yatsa girma, abin da aka fi gani a kanta shi ne siffa ɗaya tak riƙe da alamominta. Ga Markuri da jakar kuɗi da sandarsa mai macizai biyu. Ga Fortuna da abin juya jirgin ruwa a hannu ɗaya, ƙahon yalwa a ɗayan. Ga Biktoriya da kambi da reshen dabino. Ga Harkulis da kulki da fatar zaki. Yawancinsu ba wani aiki na cikin labari suke yi ba, a tsaye kawai suke. Falken da ya zaɓi Markuri bai damu da labarin yadda ya sace shanun Afolo yana jinjiri ba, riba yake nema. Sojan da ke gadin iyakar daula, idan ya sa Biktoriya a yatsa, nasara yake roƙo da komawa gida lafiya. Hoton ya fi kusa da addu'a.

Akwai kuma zargin da ake yi wa maƙeran cewa hannunsu bai ƙware ba, tun da jikin gunki layuka uku ne ko huɗu, kai kuma ɗigo. A nan ma an yi garaje. Da yawa daga zobban hatimi ne, ana danna su a kan kaki ko yumɓu domin rufe wasiƙa ko rumbun kaya. Saboda haka a juye ake sassaƙa su, mashin da zai fito a hannun dama a kan kaki sai a gan shi a hagu a jikin zobe. Wanda ya yanke hukunci ba tare da ya ga tambarin ba, rabin aikin kaɗai ya gani. Bugu da ƙari, maƙerin ya san abin da zai sa a gane gunki, shi ya sa yakan girmama jaka ko kulki ya rage sauran jiki. Ba a musun cewa akwai na banza a cikinsu, kamar yadda ake samu a kowace kasuwa.

Wajibi ne kuma a yi hattara da zobban da ke yawo a hannun dillalai ba tare da an san inda aka tono su ba. Jabu sun yi yawa, kuma ko na gaskiya ne, idan an raba shi da kabari ko sansanin da ya fito, ba za a san ko soja ne ya sa shi ko mace ko yaro ba.

Shaidar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga bakin wanda ya ƙi hotunan. Wajen shekarar 200, Kilemen na Iskandariya ya gargaɗi Kiristoci da kada su sassaƙa fuskokin gumaka a hatiminsu, ya ba su shawara su zaɓi kurciya ko kifi ko jirgin ruwa ko garaya ko anka. Da ya ɗauki hotunan a matsayin adon tatsuniya kawai, da bai wahalar da kansa wajen hana su ba.