Shaihu Umar a Takarda, Shaihu Umar a Majigi

Ya ku 'yan makarantar ƙasar Gumel, da na Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar! Akwai wata magana da mu kan ji daga bakin yara, ba ma jin daɗinta. In an ce wa yaro ya karanta littafi kaza, sai ya ce ai ya ga fim ɗinsa, gani kuwa ya kori ji. To, yau wannan karin magana mu ke so mu auna, mu ga ko ya cika mudu. Abin awonmu kuwa littafin da ya fi kwanta mana a rai ne cikin littattafan Hausa na farko, watau Shaihu Umar.

Ga asalinsa. A cikin 1933 Dokta East, Baturen da ke riƙe da Ofishin Fassara a Zariya, ya sa gasa tsakanin malaman Arewa, ya ce kowa ya ƙago labari daga kansa ya rubuta da boko. Daga cikin abin da aka samu aka buga Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sa'an nan Malam Abubakar saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauci. Ba wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya. Ku riƙe wannan, don yaran da ke ganin sai tsoho mai furfura ke rubuta littafi.

Littafin ɗan siriri ne, yaro mai himma ya fara da Azahar ya ƙare kafin Lisha. Wani babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ba su labari. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. 'Yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka ƙulla masa sharri wajen Sarki bayan an komo daga harin bayi, aka kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta aka sace yaron. Ya faɗa hannun wannan, ya faɗa hannun wancan, har ya kai Kano cikin bayi, wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya haye hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, ita ma aka sayar da ita. Ba su sadu ba sai bayan shekaru masu yawa, a can ƙasar Larabawa, tana ganinsa ba ta daɗe ba ta cika.

Wannan shi ne ƙashin labarin, shi ne kuma abin da mai kallon fim zai tashi da shi. Malam Umaru Ladan da wani malami, Dexter Lyndersay, su suka fara mai da littafin wasan kwaikwayo, aka buga wasan a 1975. A 1976 Alhaji Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim da harshen Hausa, tsawonsa minti 142, aka nuna shi a babban bikin nan na al'adun baƙar fata da aka yi a Ikko, watau Legas, a 1977. Bai sāke tsarin littafin ba. Da zaman Shaihu da almajiransa ya buɗe, daga nan labari ya koma baya.

Bari mu fara ba fim haƙƙinsa, don yana da shi. Yaron da aka haifa a zamanin mota bai san ayari ba sai a baki. In ya karanta cewa an ɗaura wa raƙuma kaya an kama hanya, kalmomi kaɗai ya gani. Fim ya kan sa masa abin a gaban ido, da riguna da rawuna, da zaman fada, da yadda talaka ke faɗuwa gaban mai mulki, da faɗin ƙasa wadda ba itace ba inuwa. Ku 'yan Maigatari kun fi sauran yara sa'a wajen nan, don kowace Alhamis kuna ganin raƙuman da a ke kawowa kasuwarku daga Nijar, kun san tafiyarsu, kun san kukansu in a na ɗora musu kaya. Amma ko ku ba ku taɓa ganin mutum cikin kayan sayarwa ba, Allah kuwa kada ya nuna muku. Nan ne hoto ya ke da ƙarfin da takarda ba ta da shi. Kalmar bawa haruffa huɗu ce, ido ya wuce ta da sauri. Fuskar mutum ba ta wutuwa haka.

To, amma akwai abin da ke cikin littafin wanda na'urar ɗaukar hoto ba ta iya kamawa, shi ne muryar mai ba da labarin. Ku karanta a hankali, ku saurari yadda Shaihu ke magana. Yana faɗin yadda aka kai hari ƙauye, aka kamo mutane, aka raba su kamar yadda a ke raba ganima, amma muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Ba ya zagin kowa. Ba ya tsayawa ya ce wa almajiransa ku dubi wannan zalunci. Yadda zai faɗi an yi ruwa jiya, haka ya ke faɗin an sayar da uwarsa. Farkon karantawarmu mun ɗauka sanyin alƙalami ne na sabon marubuci. Da muka sāke karantawa muka ga ashe a nan nauyin littafin ya ke. Mutum ne wanda ya tashi cikin duniyar da bauta ta zama ruwan dare, ya kuma horar da zuciyarsa da haƙuri har ya iya ba da labarin kansa ba tare da hawaye ba. Hawayen da ya hana kansa, mai karatu ya bar wa. In ka rufe littafin ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji, kai ka kawo shi, ba wanda ya kaɗa maka taushi don ka yi kuka.

A fim kuwa, da zarar labari ya koma baya, Shaihu ya yi shiru, sai abin ya riƙa faruwa a gabanka. Ka daina jin tsoho yana tuna abin da ya wuce, ka koma kallon yaro yana shan wuya. Dukansu biyu abin tausayi ne, amma ba ɗaya ba ne. Mai kallo ya san abin da ya sami Umar. Mai karatu ya san wannan, ya kuma san irin mutumin da abin ya mai da shi, don da bakinsa ya ji.

Kada ku ɗauka muna cewa littafin ba shi da aibu. Yana da shi, mun kuwa fi so ku gani da kanku da a ce wani ya nuna muku. Umar ya cika tsarki. Tun yana yaro har ya tsufa ba mu ga ya yi fushi ko ya yi kuskure ba, irin wannan mutum kuwa a littafi kaɗai a ke samunsa. Sa'an nan tsira ta yi masa yawa. Wanda ya sace shi kura ta cinye, shi ta bar shi. Guguwar rairayi ta binne ayari, shi ya fita. Marubucin yana so ya nuna ikon Allah ne, mun yarda, amma in abu ya maimaitu mai karatu ya kan daina jin tsoro, tun da ya san ba abin da zai sami gwanin. Babban abin da ya fi damunmu shi ne Abdulkarim. Mutumin kirki ne ga Umar, ba shakka. Amma sana'arsa fa? Yaro ɗaya ya ɗauka ya mai da ɗa, sauran da ya kora gaba cikin rairayi 'ya'yan wasu ne, su ma da uwayensu, littafin kuwa bai tsaya a kansu ba. A nan fim ya fi littafin adalci ko da bai yi niyya ba, don hoto ba ya iya ɗaukar mutum ɗaya ya ɓoye na bayansa.

Wurin da alƙalamin Malam Abubakar ya fi kaifi shi ne labarin uwar. Ita ba malama ba ce, ba ta da mai ceto, ba kura ba guguwa da ta zo ta taimake ta. Mace ce ɗiya, ta bar gida da ƙafarta don neman ɗanta, ta amince da wanda ya ce zai kai ta, amincewar nan ita ta sa ta cikin bauta. Duk wanda ya karanta wannan kashi bai ji kome ba, to ya sāke karantawa.

Ku kuwa 'yan ƙasar Gumel, wannan ba tatsuniyar wata ƙasa mai nisa ba ce gare ku. Zamanin da littafin ke magana a kai shi ne ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Rabe ya ci Kukawa a 1893. Ƙasarku ta Mangawa tana tsakanin Kano da Damagaram da Barno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Barno ta ke bi. A 1845 aka taso da sarauta daga Tumbi aka kawo Gumel. An yi ta yaƙi da Haɗejiya har Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872, bayan wannan kuma mahara daga Damagaram suka yi ta kwasar mutane suna kai wa bauta, har ƙasa ta ragu da jama'a, kafin zuwan Turawa a 1903. Watau ke nan a ƙauyukan da ku ke zaune yanzu an yi uwayen da suka wayi gari ba 'ya'yansu. Ba a rubuta sunayensu ba. In kun karanta labarin uwar Umar, su ku ke karantawa.

Akwai wani abin mamaki kuma game da fim ɗin nan. Bayan an nuna shi ya ɓace, shekara da shekaru mutane suna jin labarinsa ba sa ganinsa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka tarar da naɗinsa cikin ɗakin ajiya na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya ta birnin Barlin a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Muna yi wa waɗanda suka yi wannan aiki godiya. Amma duk tsawon shekarun nan littafin yana nan a jakar 'yan makaranta, a na sāke buga shi a Zariya, har Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci tun 1967. Da a ce kakanninku sun dogara ga fim kaɗai, da iyayenku sun tashi ba su san Shaihu Umar ba.

Sauran littattafan ba za mu daɗe a kansu ba. Ruwan Bagaja ma an yi fim ɗinsa a 1989, Ramalan Nuhu ya shirya. Shi matsalarsa dabam ce. Daɗin littafin a bakin Alhaji Imam ya ke, yadda ya ke zuba labarin yawonsa, da yadda shi da Malam Zurƙe ke ta rama wa juna tsiya daga gari zuwa gari. Mai karatu ya san rabin abin cika baki ne, dariyar kuwa daga nan ta ke fitowa. Irin wannan ƙarya mai daɗi a kunne ta ke rayuwa. In aka ce sai an nuna ta ido da ido, dole a ɗinka wa aljani riga, a nemo mutum ya sa, sai ka ga yara suna duban ɗinkin rigar sun manta da aljanin. Ga wanda bai taɓa gama littafin Hausa ba, da wannan mu ke so ya fara, don ba ya gundura. Shaihu Umar ya biyo baya.

Da aka shiga zamanin bidiyo a Kano kuma, bayan 1990, marubuta da yawa suka ga littattafansu a talabijin. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu shi ma ya bi sahu. Na biyun nan manyan cikinku su neme shi su karanta, don labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara ɗan'uwan labarin uwar Umar ne ta wajen nauyi, ko da ya ke tsakaninsu akwai shekara fiye da hamsin.

Ga abin da mu ke roƙonku a hutun nan. Ku ari Shaihu Umar wajen malaminku, ku karanta shi da ƙarfi da dare a tsakar gida, inda tsofaffi za su ji. In kun zo wajen da aka kai hari ƙauye ku dakata, ku tambayi kakarku abin da ta ji daga bakin tata kakar game da mutanen Damagaram. Abin da ta faɗa muku ku rubuta da Hausa mai kyau, da sunan ƙauyen, ku aiko mana.