Bulala da Kyauta: Linzami Biyu a Bakin Mawaƙi

A ƙasar Hausa an daɗe da yarje wa mawaƙi faɗin abin da in wani ya faɗa sai ya kwana a gidan yari. Talaka ba ya ɗaga ido ya dubi hakimi, amma maroƙi yana iya tsayawa da kalangu a ƙofar gidan attajiri ya siffanta rowarsa har yaran unguwa su haddace. Wannan dama da al'ada ta ba shi ita ce zambo da habaici, kuma saboda ita ne ake yawan kiran mawaƙi bakin talakawa. Akwai gaskiya a kiran, sai dai ba ta cika ba. Wanda ya bi waƙar Hausa daga fada zuwa dandalin siyasa zuwa situdiyo zai tarar da linzami biyu a bakin nan. Akwai na hukuma, wato bulala da kurkuku da takardar izini, akwai kuma na masu hannu da shuni, wato riga da doki da mota da kujerar Makka. Na farkon aka fi kuka da shi domin shi ke barin tabo a jiki. Amma tarihi ya fi nuna cewa na biyun ya fi riƙe harshe, kuma sakewar bakin mawaƙi ba ta rataya ga doka kamar yadda ta rataya ga yawan hannayen da ke ciyar da shi.

Makaɗan sarauta irin su Ibrahim Narambaɗa da ya bauta wa Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Mamman Sarkin Taushin Katsina a wajen Sarki Usman Nagogo, babu wanda ya fi su iya zambo. Sun san yadda ake mayar da mutum kura ko biri ko jemage ba a ambaci sunansa ba, kowa a zaure kuma ya gane wanda ake nufi. To, wa ake nufin? Ɗan sarkin da ya nemi gadon gidansu ya rasa, ko wanda ake zargin yana haƙon rawanin, ko bafaden da ya danne wa makaɗi tukuici. Kibiyar takan tafi gefe ko ta sauka ƙasa, ba ta juyowa kan wanda ya ba da gona da gida da dawaki. Ba sai dogari ya tsaya a kan Narambaɗa ba kafin ya san inda bakinsa zai tsaya. Rumbunsa ya riga ya gaya masa. Karin maganar nan ta ba a mugun sarki sai mugun bafade, in aka dube ta da kyau, ƙa'idar waƙar fada ce aka dunƙule: laifi yana da wurin sauka ko'ina ban da kan karaga. Gaskiya ne makaɗin fada yana da wata ƙofa ta baya. In ya zuga sarki da adalcin kakanninsa a gaban jama'a, ya ɗora masa nauyin kwaikwayonsu, sarki mai kunya kuwa yakan ji. Amma nasihar da ba ta iya fitowa sai cikin rigar yabo, mai rigar ne ke yanke mata tsawo.

Zamanin da ya fi warware wannan magana shi ne na NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. A lokacin bulala ta kai maƙura. En'e ce ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari, ita ce kuma ke ba da izinin yin lacca, alhali manyanta su ne ginshiƙan jam'iyyar NPC da ake hamayya da ita. Kiran sunan basarake ba tare da ladabi ba ya isa a gurfanar da mutum. A Kano ga 'Yan Mahaukata da sandunansu, Gambo Sawaba kuwa ta shiga kurkuku ta fita har ya zame mata kamar gida na biyu. In da bulala ce ke kashe waƙa, da waɗannan shekaru sun zama na shiru. Sai ga shi a cikinsu ne aka yi waƙoƙin siyasa mafiya kaifi da Hausa ta taɓa samu, daga bakin Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Lawan Maiturare da Aƙilu Aliyu. Waɗannan ba 'ya'yan gidan kiɗa ba ne masu jiran kyautar ubangida. Almajirai ne da 'yan boko, suna rubuta baitocinsu da ajami ko boko, a rera su a dandalin lacca, mai sauraro ya ɗauka da ka ya kai ƙauyensu. Silsilarsu ba ta fada ba ce, ta malaman jihadi ce, waɗanda suka isar da kiransu ta waƙa a lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya taƙaita wa'azi ya hana naɗa rawani. Ba banza ba littafinsu Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwa, wato kai wa na sama kyauta, cikin alamomin mulkin zalunci. Tun a can an gane cewa abin da ke shiga hannu yana ɗaure baki.

Mai ja zai ce ai su ma mawaƙan NEPU ba 'yantattu ba ne, sun dai sauya ubangida ne, jam'iyya ta maye gurbin sarki. Ba a musun cewa sun yi wa Malam Aminu Kano kirari, sun kuma yi wa abokan hamayya zambon da wani lokaci ya zarce ƙima. Amma jam'iyyar da ke rayuwa da sisi da taron teloli da mahauta da 'yan koli ba ta da abin da za ta janye daga mawaƙi in ya kauce. Shaidar tana cikin waƙoƙin kansu. Sa'adu Zungur, wanda Aminu Kano kansa ke ɗauka malami, ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya yana gargaɗin sarakuna su gyara halinsu domin sarauta ta ɗore. Mudi Sipikin, ƙaramin yaro a kansa kuma ɗan tafiya ɗaya, ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. A ce makaɗin kotso ya tashi a gaban fada ya ƙaryata babban makaɗin gidan a kan ko sarauta ma ta cancanci zama, wannan ko a mafarki.

Akwai hanya ta biyu da mawaƙa suka bi suka sami sarari, ita ce ta kasuwa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa gwamnoni da sojoji, amma ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu, ya cika filin wasa da masu biyan kuɗin ƙofa daga Funtuwa har ƙasashen maƙwabta. Mutumin da ke da iyayen gida ɗari ba shi da ubangida ko ɗaya, shi ya sa in ya yi fushi ya tsara irin su Gagarabadau babu mai iya toshe masa hanyar abinci. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya ɗauki karen mota, wanda ba shi da ko anini na liƙi, ya yi masa waƙar da ta zaga ƙasa. Ɗan Anace ya rayu a filin dambe, Barmani Coge a tsakar gidajen biki, Gambu ma ya yi wa ɓarayi nasu kiɗan, abin da babu fadar da za ta sa wa hannu. Faifan garmaho, daga baya kuma kaset, suka ƙara yawan masu biya, kowa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Nan ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a zahiri. Kada dai a ɗauka wannan sakewa tsarki ce. Tun a 1957 M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya bayyana yadda wasu maroƙa ke mayar da zambo makamin tatsa: ka bayar ko a tozarta ka a kasuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mawaƙin da ya kuɓuta daga ubangida ɗaya yana iya zama azzalumi shi ma. Abin da ba ya zama shi ne bebe.

Wannan ɓarna ta baki ita ce hujjar da hukuma ke riƙewa, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma iyaye da yawa sun yi maraba da ita domin suna tsoron abin da ke shiga kunnuwan 'ya'yansu. Mutunci ba wasa ba ne a wurin Bahaushe, zambo kuwa yakan bi mutum har kabari ya gangara kan jikoki. Tsarin mulkin 1999 ma da ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, ya dawo a sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tarbiyya da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Matsalar tana ga wanda sandar ke sauka a kansa da lokacin da take sauka. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango wata uku, a ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, a 2009 aka haramta waƙoƙi 11 a zama ɗaya, mafi yawansu masu kuka ne da ita hukumar da abin da take yi wa masu sana'ar, aka kuma tsare Aminu Ala a kan Hasbunallahu, waƙar da addu'a ce daga farko har ƙarshe. A 2017 aka kama Sadiq Zazzaɓi kan waƙar da ya yi wa Kwankwaso a daidai lokacin da Kwankwaso da Gwamna Ganduje suka raba gari. A Satumban 2019 aka kama Naziru M. Ahmad, Sarkin Waƙar Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, ana tsakiyar takun saƙa tsakanin fada da gidan gwamnati, wata shida kafin a tuɓe sarkin. Tuhumar kusan kullum guda ce, sakin waƙa ko fim ba tare da an tace ba. To, waƙoƙi nawa ke fita a Kano kowane mako ba su bi ta ofishin nan ba? Dokar da kowa ke karyawa amma mutum ɗaya ake kamawa, ba tarbiyya take gadi ba. Takardar izinin laccar En'e ce ta dawo da sabon hatimi.

Duk da haka kamun bai kashe ko waƙa ɗaya ba. Waɗanda aka haramta a 2009 sai suka bi wayoyi daga hannu zuwa hannu, wanda bai san da su ba ma ya tashi nema. Abin da ya canza sana'ar daga tushe bai zo da ɗan sanda ba. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da Bata ce ta durƙushe, masu tura waƙa a waya suka kafa tebur a kowane lungu, suna loda wa mutum kundin mawaƙi gaba ɗaya da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, mai waƙar kuwa ko kwabo. Hannaye dubu da ke ciyar da shi suka janye lokaci guda, aka bar shi da gidan biki da ɗan siyasa. Na biyun shi ke da mota da kujerar hajji da muƙamin mai ba gwamna shawara. Daga nan tsarin fada ya dawo daram: kowane ɗan takara da mawaƙinsa, yabo sama, zambo gefe. Har ma ya fi na da muni ta wata fuska, domin Jankiɗi da ubangidansa zaman rai da rai suka yi, akwai kunya a tsakani, wannan kuwa cinikin shekara huɗu ne. Dauda Kahutu Rarara, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, ya shekara takwas yana wasa Buhari, bai fito ya soki mulkinsa a bainar jama'a ba sai a 2023, bayan mutumin ya sauka ya koma Daura. Ba sai an zarge shi da komai ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ba ya ƙarewa sai ladan ya ƙare. Hukumar tacewa tana da jerin waƙoƙin da ta hana, ana iya ƙirga su, ana iya kai ƙara a kansu. Waɗanda ba a tsara ba tun farko saboda makullin mota yana aljihu, kan takin da bai iso ba ko asibitin da babu magani, babu ofishin da ke ajiye lissafinsu.

Saura masu cewa intanet ta kwance duka linzaman biyu, tunda yaro da wayarsa a Gusau ko Maraɗi yana iya sakin waƙa duniya ta ji. Ta sassauta na farkon, ba ta cire shi ba. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a Nuwamban 2022 kuma wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu saboda barkwancin da suka yi wa gwamna a TikTok. Na biyun kuwa yana nan yadda yake. Abin da YouTube ke biya ya danganta da tsadar tallar da ake nuna wa mai kallo, tallar da ake nuna wa mai kallo a Arewa kuwa mai araha ce, ga kamfanin yana wata nahiya yana gindaya sharuɗɗan da ba a shawarci kowa a kansu ba. Mawaƙin da ya tara masu kallo miliyan yakan tarar kuɗin bai biya situdiyo da ɗaukar hoto ba. Abin da miliyan ɗin ta fi saya masa shi ne suna, sunan kuma shi ke sa a shekarar zaɓe wani ya yi masa waya ya ce mai girma yana son ganinsa.