Noctua NH-D15: Sarkin Sanyaya Furosesa

'Yan'uwa 'yan gem, yau ku bar ni in yabi wannan ƙarfe har bakina ya gaji. Duk wanda ya taɓa nutsewa cikin Cyberpunk 2077 ko Warzone, wasa ya yi daɗi, sai hoto ya fara sarƙewa, fankoki suka ɗau kuka, ya leƙa manhajar HWiNFO ya tarar furosesa ta haura digiri 90, to ya san ciwon da nake nufi. Furosesa ba ta yarda ta ƙone. Da ta taɓo iyakarta sai ta rage gudu da kanta. Core i9-13900K ta Intel a digiri 100 take ja da baya, yawancin Ryzen 7000 a 95, ita kuwa 7800X3D, abar ƙaunar 'yan wasa, a 89. Daga nan firem ke fara zubewa. Maganin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne NH-D15 na kamfanin Noctua da ke ƙasar Ostiriya.

Ku dube shi don Allah! Hasumiya biyu na siraran faifayen alminiyam, jere reras, masu sheƙi, masu nauyi a hannu, bututun jan ƙarfe shida sun taso daga gindi sun ratsa su, ga fanka biyu NF-A15 masu faɗin milimita 140, ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya, suna tura iska cikin natsuwa da ƙasaita. Kaya iya kaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake aiki. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka rufe ruf. Zafin furosesa ya taɓa shi, ya zama tururi, ya haura cikin faifayen, iskar fanka ta huce shi, ya koma ruwa ya dawo gindi, a sake lale. Babu famfo, babu tiyo, babu abin da zai ɗiga kan katin girafik ɗinka mai tsada. Abin da ke motsi a jikinsa fanka ne kawai, su ma iyakar gudunsu juyi 1,500 a minti, kuma akwai 'yar wayar da ke zuwa cikin kwali mai sauke su zuwa 1,200. Ga wanda ya saba da ƙugin ɗan fankan da ke zuwa tare da furosesa, wannan shirun kaɗai ya isa ya sa shi murmushi.

Sai ɗaurawa. Kai, jama'a! Tsarinsu na SecuFirm2 daɗi gare shi: ƙarafuna masu kauri, sukurori masu sifirin da ke tsayawa daidai inda ya kamata, ga dogon sukundireba a kwali, ga man shafawa NT-H1 wanda ɗigo ɗaya a tsakiyar furosesa ya wadatar, har da 'yar alamar ƙarfe ta mannawa a jikin kes. Garanti shekara shida. Kuma da AMD ta fito da soket ɗin AM4, Intel ta fito da LGA1700, sai Noctua ta riƙa aika wa masu tsohon kaya ƙarafunan ɗaurawa kyauta, muddin ka nuna shaidar saye. Wa ke yin haka a wannan zamani? Abu ya fito tun 2014, an canja madabod, an canja furosesa, shi yana nan daram. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san masu na'urar sanyaya ta ruwa za su taso mini. Na ji, radiyeta mai milimita 360 za ta fi shi idan aka saki i9 ta sha wat 253 a gwajin Cinebench. To amma mu wasa muka zo yi, kuma wasa bai cika matse furosesa haka ba. Famfo yana tsufa, wata rana ya tsaya ba sallama. Shi kuwa wannan, ko fanka ɗaya ta mutu, ka cire ka sa wata, shi ke nan.

Ƙorafi? Akwai. Ƙato ne, tsayinsa milimita 165, nauyinsa ya haura kilo ɗaya, don haka ku auna kes kafin ku biya kuɗi. Fankar gaba tana hawa kan ram, in naka mai dogon kai ne mai fitilu sai ka ɗaga ta sama ko ka cire ta. Launin nan nasu na ruwan ƙasa da ruwan madara kuma, ni yana burge ni, amma wasu ko kallonsa ba sa so. Don su aka fitar da baƙi wuluk, chromax.black, a 2019. Kuɗinsa ma ba wasa ba, a kan kusan dala 100 ya fito kasuwa, magajinsa NH-D15 G2 mai bututu takwas kuwa a kan wajen dala 150 ya fito a 2024. Wanda aljihunsa bai kai ba, Thermalright Peerless Assassin 120 yana ƙoƙari sosai a farashi mai sauƙi, ba na musu.

Mu da ke wasa a Kano, Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, sai mun taya shi aiki, domin da iskar ɗakinka yake sanyaya furosesa. Ku sa fankokin gaban kes su jawo iska, na baya da na sama su fitar. Lokacin hunturu ku riƙa hure ƙurar da ke toshe faifayen, ku wanke matatar kes. Masu Ryzen ku shiga BIOS ku taɓa Curve Optimizer, ku rage wa furosesa wutar da take sha kaɗan-kaɗan. Zafi zai sauka, gudu bai ragu ba. Haɗa wannan da NH-D15, ka ga aiki!

Hukuncina a taƙaice: in kes ɗinka zai ɗauke shi, aljihunka zai jure, kada ka tsaya dogon tunani. Saye ɗaya ne, ka huta shekara da shekaru. Ni dai tara da rabi na ba shi cikin goma, rabin nan ma don ya danne ram ne.